Yafiyar da Mai Guga Bai San Ya Yi Ba

Shekara talatin da huɗu Mai Guga ya yi yana wanki da guga a shago ɗaya, a lungun da ke bayan masu katako, kuma ba a taɓa ganin ya sa wa kayan kowa alama ba. Sauran masu sana'ar kan rubuta suna a cikin wuyan riga, ko su ɗaura ɗan zare a ramin maɓalli. Shi kuwa ka ajiye ƙullinka a kan tebur, ya kwance, ya ɗaga kowace riga ya dube ta gaba da baya, shi ke nan ta shiga kansa. Ka yi wata biyu ba ka zo ba, ranar da ka leƙo zai zaro naka daga tsakiyar tulin fararen kaya masu kama ɗaya, ya ce, "Aljihun hagu na wandon nan ya fara buɗe baki, kai wa tela kafin ya zubar maka da makulli." Ko baƙi ɗaya bai iya karantawa ba, amma ya san wanda ke gumi a ƙeya, ya san wanda matarsa ta daina sa masa maɓalli. Kafintan da ke maƙwabtaka da shi yakan ce in Mai Guga ya mutu, a cire kan a ajiye wa unguwa.

Irin wannan kai kyauta ce. Amma in aka haɗa wa mutum shi da zuciya mai riƙo, to an ɗora masa kaya ba gammo. Wanda ba ya manta hankicin wani, ta yaya zai manta baƙar magana?

Baƙar maganar kuwa daga bakin ƙanensa ta fito, autan Innarsu, direban babbar mota. Inna ta yi shekarunta na ƙarshe a ɗakin da ke bayan shagon, labule kawai ya raba ta da teburin guga. Nan Mai Guga ke hura gawayi tun safe, ya cika duwatsun gugarsa uku, yana aiki yana jin motsinta. Damina uku ta yi tana tari. In ya ce a je asibiti, sai ta ce ita ba mai kai ta inda ake shiga da ƙafa a fito a kwance. Shi kuma ya biye mata, ya riƙa sayo maganin tari na kwalba. Auta yakan zo sau ɗaya a wata biyu, da ledar lemo da buhun shawara, ya kwana ɗaya ya kama hanya. Ranar da aka binne ta, mutane na zazzaune a ƙofar shago, Auta ya miƙe, idonsa jajur, ya nuna yayansa da yatsa ya ce, "Kai ka kashe ta da hayaƙinka."

Mai Guga bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ranar da ka zo ka janye maganar nan da bakinka, na ji da kunnena, ranar kana da yaya. Kafin nan ba ka da shi."

Magana zarar bunu ce. Shekara goma sha ɗaya, in sun haɗu a hanya kowa sai ya sami abin kallo a ɗaya gefen titi. Matar Mai Guga ta yi roƙo, ta yi fushi, ta kai ƙara wajen kawunsu, har kawun ya mutu ya bar su a haka. Maza ke nan. A ce su ɗauki dutse ba wuya, a ce su ajiye ne aiki.

Ɗaga bahon jiƙaƙƙun kaya ba ya barin mutum haka nan. Ƙaba ta fito wa Mai Guga a mara ta dama. Ya yi shekara biyu yana danne ta da hannu yana cewa iska ce, har ranar da ya tsuguna ɗaukar baho ya kasa miƙewa, kafinta ya zo ya ɗago shi. Likita ya duba ya ce sai an yi aiki, ya sa rana.

Ya tuna komai na safiyar nan. Ya tuna rigar asibiti mai igiya a baya, wadda aka wanke ba a goge ba. Ya tuna sanyin ɗakin tiyata, da likitan allura, wani saurayi da wuyan rigarsa ya lanƙwashe gefe ɗaya.

"Baba," in ji saurayin, "allura biyu za mu yi maka. Ɗaya a gadon baya, daga cibiya zuwa ƙasa ba za ka ji komai ba. Ɗaya kuma a hannu, don hankalinka ya kwanta."

"Ni hankalina a kwance yake," in ji Mai Guga. "Wuyan rigarka ne a tashe."

Aka yi dariya. Ya ji wani sanyi ya bi jijiyar hannunsa ya hau, ya ga babbar fitila mai ido biyar a samansa.

Sai kawai ga shi a wani ɗaki mai gado takwas, rana ta karkata, matarsa na zaune a gefensa. Idonta a kumbure, amma sai murmushi take kamar wadda aka yi wa albishir.

"Yaushe za su fara?" ya tambaye ta.

"Su fara me?"

"Yankan."

"Yau dai Malam da wasa ka tashi. Taɓa cikinka ka ji."

Ya taɓa ya ji bandeji. Ya ɗauka barci ya yi, kuma wa ke tashi daga barci ya tambaya ina ya je? Ita kuma ba ta ce masa uffan ba a kan abin da ya faru tsakanin fitowarsa daga tiyata da la'asar, don a ganinta namijin da ya yi kuka a gaban mata ba ya son a tuna masa. Aka sallame su bayan kwana biyu. A gida ya lura tana shara tana waƙa, ya ce a ransa murnar ba ta zama bazawara ba ce.

Rana ta biyar, da hantsi, yana kishingiɗe a gado, ya ji sallama da muryar da ya yi shekara goma sha ɗaya bai amsa ba. Kafin ya gyara zama Auta ya ɗaga labule ya shigo, da leda a hannu, ya zauna a bakin gadon kamar jiya ya tashi daga wurin.

"Yaya, ya jikin? Matar Yaya ta ce har yanzu tafiyar mai ɗauke da ƙwai kake yi."

Mai Guga ya dube shi daga kai zuwa ƙafa. Ya yi furfura a gemu, ya yi tumbi, kuma ga alama bai koyi kunya ba.

"Wa ya ba ka izinin shigowa ɗakina?"

Auta ya yi 'yar dariya, dariyar ta mutu a hanya. "Wasa kake, Yaya?"

"Yaushe rabon da ka ga na yi wasa da kai?"

Matar tana bakin ƙofa da kofin ruwa. "Malam," ta ce, "ai kun shirya. A asibiti. Ka manta ne?"

Da a ce ta mare shi da ya fi masa sauƙi. A duniya ba kalmar da ba a taɓa jifansa da ita ba sai wannan.

"Ni? Na manta?"

Auta ya miƙe a hankali, ya ajiye ledar a ƙasa. "Na durƙusa a kan simintin asibiti, a gaban nas, a gaban matarka, a gaban mutanen da ban sani ba. Shekara goma sha ɗaya ina tara maganar nan kafin ta fito. Sau ɗaya nake da ita, Yaya, kuma na ba ka. In wulaƙanci kake so ka ƙara, ka samu." Ya ɗaga labule ya fita, ko ruwan bai kalla ba.

Nan matar ta zauna a ƙasa ta ba shi labari. Da aka tura shi ɗakin tiyata tsoro ya kama ta, ta ce kada a fito mata da gawa alhali 'yan'uwa biyu ba sa ga maciji. Ta kira Auta a waya, ya bar mota a gareji ya zo da baƙin mai a hannu. Da aka fito da Mai Guga idonsa biyu, ya gane ta, ya gane Auta, har ya tambaya ko an kwashe shanya. Auta ya durƙusa ya ce, "Yaya, na janye. Ba kai ka kashe Inna ba. Ka yafe mini." Shi kuma ya kama kan Auta da hannu biyu, ya fashe da kuka, ya ce ya yafe masa duniya da lahira. Sun yi kusan awa guda suna magana. Ita ma da ta ga abin ya zama na 'yan ciki ɗaya, sai ta fita ta ba su wuri.

"Ƙarya kuke," in ji Mai Guga. "Haɗa baki kuka yi." Ya shiga jero mata abin da ya gani a ranar: launin takalmin nas, tsagar da ke jikin silin, idon fitila biyar. Wanda ya riƙe waɗannan, ya saki ranar da ƙanensa ya durƙusa masa?

Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Nas ɗin ta gaya mini."

"Ta gaya miki me?"

"Ta ce, Mama, zai yi ta magana kamar lafiyarsa ƙalau, amma kada ki ba shi wani saƙo mai nauyi yau. Allurar hannun nan takan hana abu zama a kai, gobe ba lalle ya tuna ba."

"Kika ce me?"

"Na ce mata, 'yar nan, ba ki san wanda kuka kwantar ba. Wannan ko an cire masa kai sai ya gaya miki rigar wa ce." Ta share ido. "Wallahi Malam ban ɗauka da kai take ba. Na ɗauka da mutane take."

Ka ji inda yabo ke kai mutum. Shekara talatin unguwa na kirarin kansa, har matarsa ta yarda ya fi ƙarfin allura.

Ranar da ya koma a cire masa zare, ya nemi nas ɗin har ya same ta tana jera kwalabe a kan tire. Tana ganinsa ta yi murmushi.

"Baba mai guga. Ina ƙanen naka? Har ni kuka sa hawaye ranar nan. Kuma sau uku kana gaya wa likita ya kawo maka rigarsa ka goge."

Ya nemi benci ya zauna. Ashe ba haɗa baki ba ne.

"'Yata, zai dawo?"

"Mene ne?"

"Abin da ya ɓace."

"Ba ɓacewa ya yi ba, Baba. Tun farko bai zauna ba. Kamar ka zuba ruwa a kwando ne. Da yawa haka suke yi, ba wani ciwo ba ne, kanka lafiya lau."

"To wa ya yi maganar?"

"Kai mana."

"Ni kuma ina ina?"

Aka kira ta daga ciki, ta ɗauki tirenta ta ce Allah ya ƙara sauƙi.

Ya koma shago, an hana shi ɗaga abu mai nauyi, sai guga kawai a zaune. Hannunsa na aiki, kansa na can yana tono. Yakan fara daga fitila mai ido biyar ya tako a hankali, sai ya faɗo a ɗaki mai gado takwas. Tsakani ba duhu, ba haske, ba komai, kamar an yanke ƙyalle an haɗe bakin biyu. Wata rana wani malamin makaranta, wanda ya yi shekara tara yana kawo masa kaya, ya zo karɓar nasa. Mai Guga ya zaro rigar, ya tsaya yana juya ta, ya ce, "Wannan taka ce ko?" Tasa ce kuwa. Amma kafinta da ya ji sai da ya ajiye zarto ya leƙo.

"Yau kuma? Ko da kan suka haɗa suka yanke?"

Mai Guga ya miƙa wa malamin rigarsa. Abin da ke cinsa ya fi ba'ar kafinta. Sharaɗin da ya gindaya an cika shi: Auta ya faɗa da bakinsa, kunnensa ya ji, ga shaidu har biyu. Shi kuma mutum ne mai magana ɗaya, abin da bakinsa ya ɗaure hannunsa ba ya kwancewa. Amma in ya duba ƙirjinsa, fushin na nan inda yake, ko gezau bai yi ba. An ce ya yi kuka ya huce. Wani ne ya sha wannan sanyi, shi aka bar masa ɗaci. Ga kuma awa gudan da matarsa ta fita. Bakinsa ya yi ta zuba ba mai tsaronsa, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san abin da ya zubar.

Wannan ce ta tashe shi. Ran nan da azahar ya rufe shago, ya kama hanya yana dafe da mara, har garejin manyan motoci. Ya tarar da Auta a kan kaya yana ɗaure tamfal. Auta ya gan shi, ya ci gaba da jan igiya, sai da ya gama ƙulli uku sannan ya sauko.

"In don in sake durƙusawa ka zo, ka yi asarar tafiya."

"Ba ita ta kawo ni ba." Mai Guga ya jingina da tayar mota don ɗinkin na ja. "Da matata ta fita ta bar mu, me na ce maka?"

Auta ya dube shi da kyau, irin kallon da ake yi wa taya a ga ko tana sacewa. "Da gaske dai ba ka tuna ba."

"Da na tuna zan tako nan da ciki a ɗinke?"

"Bar shi, Yaya. Maganar allura ce."

"Bakina ne. Ba ni abina."

Auta ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Ka ce kullum ka hura gawayi sai ka ji tarin Inna a bayan labule, har yau. Ka ce ka san hayaƙin ne tun kafin in faɗa. Ka ce da ƙarya na yi maka da tuni ka manta da ita."

Wata mota ta tashi a bayansu, hayaƙi ya turnuƙe wurin ya wuce. Mai Guga bai motsa ba. Wannan magana ko matarsa bai taɓa gaya wa ba, ko shi kansa ba ya yarda ya faɗe ta a zuci sai ya kauce. Ga ta a bakin Auta, a tsakar rana, a gaban masu faci.

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce ban san me ya kashe ta ba, ni ba likita ba ne. Na ce kai kana kusa da ita damina uku, ni ina kan titi. Da na zo na tarar an rufe mata fuska, na rasa inda zan sa kaina, sai na ɗora maka." Ya jefa tsumman cikin mota. "Ka ga, ka sa na maimaita."

Mai Guga ya jira ya ji abin da aka ce ya ji a asibiti, ya jira kukan, ya jira sanyin. Ba abin da ya zo. Ɗinkinsa dai na ja, kuma yana jin kunya kamar wanda aka tuɓe a kasuwa.

"Da na yi kukan," ya ce, "yaya na yi?"

"Kamar tsohon bunsuru. Har majina."

"Marar kunya."

"Kai ka tambaya."

Saura kaɗan su yi dariya, amma ba su yi ba. Mai kaya ya leƙo daga rumfa yana nuna agogo. Auta ya ɗaga masa hannu, ya kama marfin mota, ya sa ƙafa ɗaya a matakala.

"Kwana tara zan yi."

"In ka dawo ka zo gida."

Auta ya juyo. "In na zo wa zan tarar? Na asibiti ko na ran nan?"

"Na asibitin ban san shi ba, ba zan yi maka alkawarinsa ba. Ni za ka tarar. Kuma ni ban kai shi sauƙi ba."

"Ka yafe ko ba ka yafe ba, Yaya?"

"An ce na yafe. Ban taɓa janye maganata ba. Sauran kuma ka ba ni lokaci. Ku kun yi naku kun gama, ni yanzu na ji."

Auta ya gyara riƙon marfin. Sannan ya ce, "Zan zo," ya hau ya ja marfi.

Mai Guga ya tsaya har motar ta fita daga ƙofar gareji, sannan ya juyo gida a hankali, yana hutawa a gindin kowace inuwa. Matarsa na tsakar gida tana jiransa, ta ga ƙurar gareji a takalminsa.

"Kun shirya?"

"Ya ce zai zo."

"Kai fa?"

Ya zauna a bakin gado yana kwance maɓallin rigarsa. "Miƙo mini maganin nan," ya ce. "Na rana ya wuce ban sha ba."